Kwabon Alhaji Mani a Kan Dogo

Ku samarin da ke zama bakin shagona kuna cewa aikin waya ba komai ba ne, ja da ja, baƙi da baƙi, a murɗa a naɗe da tef, ku nake rubuta wa wannan. Na san rabinku ba za su karanta ba. Ni ma aji uku na yi a elementare aka ce kaina ba ya ja, aka koro ni. Don haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara da kansa, kada ya zo ya dame ni.

Sunana Iliyasu, amma a Dutsin-Ma Ilu Mai Waya aka sani. Lokacin da na shiga wannan sana'a babu lantarki a garin, ko turke ɗaya. Duk wutarmu a cikin batir take. Tocila muke gyarawa, da fitilar keke, da rediyon da batirinsa ya fi shi nauyi, da wayar motocin gyaɗa. Maigidana shi ne Baba Barau, tsohon soja, wanda jan wayar tarho ne aikinsa a bariki. Kayan aikinsa kaf a cikin jakar fata ɗaya suke: filaya mai karyayyen baki, sukudireba biyu, wuƙa, dunƙulen dalma, da ƙarfen narka dalma wanda sai an tura shi cikin garwashi. Ma'aunin wuta kuwa harshe ne. Ka ɗora waya a kansa, in ya yi tsami akwai wuta, in ya yi lami batir ya mutu. Shekara guda cur na yi ba abin da ya bari na taɓa sai fere waya. In na tsinke sili ɗaya ya ce in yanke in sake.

Aikin farko da ya zauna mini a kai shi ne na motar Alhaji Mani, mai sayen gyaɗa. Fis ɗinta ke ƙonewa kullum, direba ya gaji ya fara cusa takardar sigari mai ƙyalli a gurbinsa. Baba Barau ya zage shi tas, sannan ya ciro ƙwan babbar fitilar gaba ya ɗaura a gurbin fis. Ƙwan ya haska fes.

Ya ce, "Ka gani, Ilu? Wuta ta samu gajeriyar hanya tana gudu. Bi waya kana girgizawa har ƙwan shi mutu. Inda ya mutu, nan ɓarnar take."

Na bi har ƙarƙashin kujera, na tarar ƙarfe ya cinye rigar waya. Tun daga ranar Alhaji Mani ya yarda mu riƙa sa batirinmu a motarsa. Ta je Funtuwa ta dawo, mu ciro shi cike. Duk aikin da muke yi a shago, da wutar motar Alhaji muke yin sa. Ku riƙe wannan, don zai yi amfani.

To, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, wani Baturen gona zai koma ƙasarsu, ya bar wa malamin gonarmu, Malam Lawal, wani akwati. Malam ya kawo shi shago a kan keke. Muka buɗe, sai ga jirgin ƙasa na wasa. Kan jirgin bai wuce tafin hannu ba, da tarago uku, da guntayen dogo masu ƙarfe biyu waɗanda ake haɗawa su yi da'ira. Faɗin dogon bai fi ɗan yatsa ba. Wuta ta ƙarfe ɗaya take shiga, ta bi ƙafar jirgin ta juya injin, ta fita ta ɗaya ƙarfen. Akwai wani baƙin akwati da ake sokawa a bango, wanda a garinmu bai da amfanin komai sai danne takarda.

Malam Lawal ya ce, "Baba, so nake ranar nunin amfanin gona manoma su ga inda gyaɗarsu take zuwa. Da yawansu ba su taɓa ganin jirgi ba. Amma ba jirgi kaɗai ba. Ina son tasha da fitilu, da alamar ja da kore, da ƙofar da ke tare shanu."

Baba Barau ya juya kan jirgin a hannu, ya miƙo mini. "Idona ya yi rauni ga irin wanga ƙaramin aiki. Ga Ilu nan. In ya ɓata, shi ya ɓata."

A lokacin na yi shekara takwas a hannunsa, na yi aure, amma wannan ne aikin farko da aka ce nawa ne.

Ƙyauren katako biyu na haɗa suka zama fili. Wani magini ya yi mini duwatsu da laka irin na bayan gari. Tela ya ɗinka 'yan buhuna kamar ɗan yatsa, muka cika da gero muka tara dala. Tasha na yi ta da kara, na yi mata jinka da ciyawa ta gaske, don manomi ya ga abin da ya sani. Fitilu ƙwayayen tocila ne guda biyar, na jera su a waya ɗaya, wannan na ba wannan, don su raba wutar batirin mota kada su ƙone. Ja da kore takardar alewa ce. Makunni kuwa gwangwanin madara na yanka na lanƙwasa a kan ƙusa. Ƙofar shanu ita ta ci mini kwana huɗu: na naɗa siririyar waya a kan ƙusa har yatsuna suka kumbura, in ka ba ta wuta ta jawo ƙarfe ƙofar ta ɗaga. Gudun jirgi ma da dabara. Batirin wancan zamani ɗaki-ɗaki yake, dalmar kowane ɗaki a waje. In kana son tafiyar basarake ka kama ɗaki uku, in kana son ta direban gyaɗa ka kama shida.

Ga kuskurena, kuma ba na ɓoye shi. Jirgi da fitilu da ƙofa, duk a batir ɗaya na ɗaura su, da waya ɗaya siririya da na kwance daga mataccen rediyo. Na bi da ita ta ƙarƙashin jinkar tasha don kada a gan ta. Na gwada sau ashirin a shago, lafiya lau. Abin da ban gwada ba shi ne mutane.

Ranar nuni muka kafa rumfa muka rufe ta da zana da buhuna, ciki ya yi duhu da tsakar rana don fitilu su fito. Ana shigowa ashirin-ashirin. Na kama ɗaki huɗu, jirgi ya motsa, fitilun tasha suka kama, ƙofa ta ɗaga. Wani tsoho daga Dabawa ya durƙusa yana leƙen tarago.

"Ɗana, ina direban?"

"Ya tafi salla, Baba."

"To wa ke riƙe da linzamin?"

Aka yi ta dariya. Malam Lawal yana ta bayanin dalar gyaɗa da yadda jirgi ke kai ta bakin teku, ba mai sauraronsa. Sai ga Alhaji Mani da mutanensa, aka buɗa masa hanya har gaba. Ya kalli zagaye uku, sannan na ga hannunsa ya shiga aljihu.

Kun san al'adarmu. Makaɗi ya burge ka, ko ɗan dambe, ba ka tsayawa kana tafi kamar Bature. Tashi kake ka manna masa kuɗi a goshi kowa ya gani. To jirgi ba ya tsayawa balle a sami goshinsa. Sai Alhaji ya yi abin da duk mai mutunci zai yi, ya sunkuya ya ajiye masa kwabo a gabansa, a kan hanya. Kwabon nan mai huji, faɗinsa ya ishe shi ya kwanta a kan ƙarfen dogo biyu gaba ɗaya.

Jirgi ya tsaya cak. Fitilu suka yi ja suka mutu. A cikin duhun sai na ga wani zare ja yana haske ƙarƙashin tasha, na san wayata ce. Kafin in kai hannu ga batir jinka ta kama. Wutar ba ta fi ta dafa shayi ba, amma a rumfar zana ba mai tsayawa aunawa. Mutane suka fasa zana ta ko'ina. Wani ya fita da buhu a ka. Wani malami ya juye mini butarsa a ƙeya, wutar tashar kuwa wata mai fura ce ta kashe ta da ruwan wanke ludayi. Ba wanda ya ji ciwo, sai hannun rigar Alhaji da ya ɗan babbake.

Kafin la'asar an canza mini suna. Ilu Gobara. Ku da kuke dariya yanzu, ku tuna shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta yi ba, masu kawo gyara dama sun ragu. Wa zai ba Ilu Gobara rediyonsa? Kwana shida ko tocila ɗaya ba a kawo ba. Mai wucewa sai ya ce, "Ilu, a sammana wuta mu kunna taba." Sana'ar hannu suna ne kawai. In ya lalace sai ka koma gona, ni kuwa ban da ita.

Malam Lawal ya zo shago fuska a murtuke. "Na riga na yi wa mutanen Kurfi alkawari ranar kasuwarsu ta sama. Zan aika da jirgin Katsina, akwai masu takardar shaida a can, su haɗa shi yadda ya kamata."

Na ce, "Malam, in jirgin nan ya bar hannuna da wannan sunan, na mutu da shi. Ka bar mini shi zuwa Kurfi. In ya sake ko da hayaƙi, ni da kaina zan kai shi Katsina a ka."

Ya ce ya yarda, amma zai rubuta allo a kafa a ƙofa: an hana ɗora kuɗi a kan dogo.

Baba Barau ya yi dariya har da tari. "Malam, mutum nawa ke karanta boko a kasuwar Kurfi? Kuma wa za ka aika shi gaya wa Alhaji Mani ba a son kyautatai? Kai?"

Gaskiyar Baba ce, don shi ma Alhaji ba a bar shi ba. Abokan wasansa sun sa shi gaba, wai kwabonsa wuta gare shi, kowa ya yi hankali da kuɗin gyaɗar bana. Ya aiko direbansa ya ce a gaya wa Ilu zai zo Kurfi, kuma zai sake yi wa jirgi kyauta a gaban jama'a, a ga ko hannunsa ne ke da sharri. Ya ƙara da cewa motarsa ce za ta kai mu. Ka ga ke nan ba hana shi. Mutumin da wutarsa nake ci, in tare masa hannu a bainar jama'a?

Na ce, "Baba, mi zan yi?"

Ya ce, "Jirginka ne." Ya juya ya ci gaba da cin goronsa.

Na fara da abin da na sani. Na tsinke wayar nan duka. Fitilu da alama da ƙofa na raba su da jirgi sam, na ba su gidansu daban: batiran tocila na jera a cikin gora na toshe da ɓawon kwalba. Ko me ya sami dogo, su ba ruwansu. Wannan ita ce doka ta farko, kuma har yau ina ganin masu takarda suna karya ta a gidajen mutane. Wayar jirgi na sa mai kauri ta mota, na zura ta cikin robar tayar keke. Waya mai launi babu, don haka ƙulli na yi: ƙulli ɗaya ta jirgi, biyu ta fitilu, ko ido rufe hannuna zai gane. Tasha na yi mata rufin gwangwani. Amma duk wannan bai hana kwabo haɗa ƙarfe biyu ba. Na sa fis, na ɗora kwabo, fis ya ƙone. Lafiya, ba gobara. Sai dai in mutum talatin suka ɗora, fis talatin zan canza? Kuma jirgi ya mutu a gaban Alhaji, ai maganar ba ta canza ba.

Ranar da na je ciro batir daga mota, ina kwance ƙarƙashin sitiyari, idona ya faɗa kan gurbin fis ɗin nan. Na tuna ƙwan da Baba ya taɓa ɗaurawa a wurin. Wutar da ta samu gajeriyar hanya, in ka tare ta da ƙwai, haske take zama maimakon ta ci waya. Na sungumi batirin na ruga shago.

Ƙwan tocila na fara sawa tsakanin batir da dogo, ya yi fat ya ƙone. Na sa na fitilar baya, jirgi ya riƙa jan ciki kamar mai ciwon baya, don ƙwan yana shanye masa wuta. Na roƙi direba tsohon ƙwan fitilar gaba. Da na sa shi jirgi ya tafi garau, ƙwan ko ja bai yi ba. Na ɗora kwabo. Jirgi ya tsaya, ƙwai ya haska shago duka. Na taɓa waya, sanyi ƙalau. Na ɗauke kwabo, ƙwai ya mutu, jirgi ya ci gaba. Sau hamsin na yi. Baba Barau yana kallo ta wutsiyar ido, abin da ya ce kawai shi ne, "Kada ka ɓoye shi ƙarƙashin katako, yana zafi." Sai na kafa shi a kan wata sandar ƙarfe a tsakiyar fili, na yi masa hula da gwangwani.

Hanyar Kurfi ta wancan lokaci ba ta da tausayi. Kafin mu isa haɗi uku sun ɓalle, dutse ɗaya ya tsage. A garwashin wata mai ƙosai na zafafa ƙarfena na kama su da dalma, ita kuma tana ta ja da kaskonta baya.

"Kai ne na Dutsin-Ma ɗin? Don Allah ka yi nesa da maina."

Labari ya riga mu zuwa. Da muka rufe rumfa sai na ga tuluna huɗu cike da ruwa an jera a bakin ƙofa. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce, "Ba don komai ba, Malam Ilu. Mu nan zana tsada gare ta."

Malam Lawal bai bar maganar allonsa ba. Ya tsaya a ƙofa riƙe da shi a ƙirji, gumi na zuba, mutane na wucewa suna gaishe shi suna tsammanin sunan jirgin ne aka rubuta. Na tada jirgi. Zagaye biyu, uku, fitilu ras, ƙofa tana ɗagawa. Sai hayaniyar waje ta lafa, na san Alhaji Mani ya iso. Na ga Malam Lawal ya zame allon a hankali ya mayar bayansa.

Alhaji ya shigo da abokan wasan nasa biyu a baya. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Waɗanda ke kusa da zana kowa ya dafa inda zai fasa. Ya ɗaga kwabon sama kowa ya gani, ya yi bisimilla, ya kwantar da shi a kan dogo.

Jirgi ya tsaya. Babban ƙwai ya kama, haske ya cika rumfa, ya sauka a fuskar Alhaji. Fitilun tasha ko ƙiftawa ba su yi ba. Na danna gwangwani alama ta koma ja. Ba hayaƙi, ba wari. Ba wanda ya yi motsi.

Na ce, "Alhaji, ya tsaya shi gaishe ka."

Na sa hannu biyu na ɗauke kwabon. Ƙwai ya mutu, na mayar da kore, jirgi ya wuce. Alhaji ya juya ya dubi abokan nasa sama da ƙasa.

"To, ina gobarar? Wancan karon bai san ni ba ne."

Daga nan rumfa ta rikice. Kowa so yake jirgi ya gaishe shi. Mahauta, dillalan shanu, har mai igiyar nan da ya kawo tuluna. Wani ya ɗora sau uku don wai na farko matarsa ba ta gani ba. Wata tsohuwar Bafillatana daga wajen Barkiya ta kwance bakin zane ta ciro goro ɗaya ta ajiye a gefen dogo. Jirgi ya wuce abinsa.

Ta ce, "A'a. Shi ma masu kuɗi ya sani?"

Na ce, "Inna, bai gan ki ba ne, bari shi zagayo." Da ya zagayo na kwantar da sukudireba a kan dogo ta bayan dutse. Ya tsaya daidai gabanta, ƙwai ya haska. Ta rufe baki da hannu, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya kai shi gida lafiya.

Har rana ta karkata muna yi, sai da batir ya fara ja da baya. Jama'a suka ragu, na duƙa ina taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai ɗumi. Na ɗago, sai ga Malam Lawal tsaye a kaina, ba allo a hannunsa. Na miƙe ina jiran hukunci. Ya waiga dama da hagu, ya laluba aljihun kakinsa, ya sunkuya ya ɗora kwabonsa a kan dogo. Jirgi ya tsaya, ƙwai ya haska masa gilashin ido. Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Malam, maganar Katsina fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Su nemi nasu jirgin. Ɗauke, Malam Ilu, in ga tashinsa."